Haƙƙin raɗa suna: abin da malaman Yahudawa suka karanto a Attaura, da abin da ake yi a ƙofar gida a Anka, Gummi da Bukkuyum

A littafin Farawa, na farko cikin littattafai biyar na Attaurar da ke hannun Yahudawa, sau da yawa idan aka ba da labarin haihuwa akan faɗi wanda ya sa wa jaririn suna. A Ibrananci bambancin harafi ɗaya ne, domin "wayyiƙra" na namiji ne, "wattiƙra" kuma na mace, kamar dai yadda Bahaushe zai ce "ya kira" ko "ta kira". Wannan harafi guda malaman Yahudawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna tattaunawa a kai, tun daga Bereshit Rabba, tarin wa'azin malamai da aka haɗa wajen ƙarni na 5, zuwa Rashi, mutumin Troyes ta ƙasar Faransa (1040 zuwa 1105), da Ramban, mutumin Girona ta ƙasar Sifaniya (1194 zuwa 1270). Musulmi yana da ma'aunin da yake ɗora irin waɗannan labarai a kai, wanda Ibn Kasir ya kawo a gabatarwar tafsirinsa: abin da ya dace da Alƙur'ani a karɓa, abin da ya saɓa a bari, abin da aka yi shiru a kansa kuwa ana iya ba da labarinsa ba tare da gaskatawa ko ƙaryatawa ba. Mafi yawan maganar suna tana cikin kashi na uku. Littafin Farawa ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, yana cikin Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa tun 1932, kuma Kiristocin ƙasar Zuru, maƙwabtan Gummi ta kudu, da Hausa suke karanta shi.

Abin da zai fara ba mai karatu mamaki shi ne iyaye mata sun fi iyaye maza yawan raɗa suna a cikin littafin. 'Ya'yan Annabi Yaƙubu (AS) goma sha biyu, kusan dukansu matansa biyu, Lai'atu da Rahila, suka sa musu suna, har da waɗanda kuyanginsu suka haifa. Sunayen kuwa ba su ɓoye komai ba. Ra'ubainu yana ɗauke da maganar matar da ta ce Ubangiji ya ga wahalarta, Saminu na wadda ta ce an ji cewa ba a son ta, Naftali na wadda ta ce ta yi kokawa da 'yar'uwarta ta yi nasara. Duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi zai gane muryar. Malaman ba su ɗauki wannan a matsayin habaicin mata kawai ba. Rashi ya ce matan annabawan nan an ba su sanin abin da zai zo, sun san kabilu goma sha biyu za su fito daga mata huɗu, shi ya sa Lai'atu da ta haifi na huɗu ta ga ta samu fiye da rabonta, ta sa masa Yahuza, sunan da tushensa godiya ne. Talmud, kundin maganganun malaman Yahudawa, a babin Berakot, ya ce kafin ita ba a samu wanda ya gode wa Allah irin wannan godiya ba.

Tunda haka ne, duk inda uba ya fito ya raɗa suna sai malaman su tsaya su nemi dalili. Wuri na farko mai nauyi shi ne haihuwar Annabi Isma'ila (AS). A babi na 16 mala'ika ya gaya wa Hajara tana daji cewa za ta haifi ɗa kuma ita za ta kira shi Isma'ila, amma bayan ayoyi huɗu sai aka ce Annabi Ibrahim (AS) ne ya sa sunan. Rashi ya ce Ibrahim bai ji maganar mala'ikan ba, wahayi ne ya sauko masa har ya faɗi sunan nan ɗaya. Ramban ya bi wata hanya mai sauƙi da ta fi kama da zaman gida. A ganinsa Hajara kuyanga ce, ta ji nauyin sa wa ɗan ubangidanta suna, sai ta gaya masa abin da aka ce mata, shi kuma ya cika umarnin. Fassarar Ramban ta fi gamsarwa, domin ta raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato wanda sunan ya fito daga wajensa da wanda ya faɗe shi a gaban jama'a. Sunan daga uwa ya zo, bakin uba ne ya tabbatar da shi.

Wuri na biyu, wanda ya fi kowane taɓa zuciya, yana babi na 35, aya ta 18. Rahila tana naƙuda a hanyar Efrata, rai yana fita, ta kira ɗanta Ben-oni. Uban ya kira shi Biliyaminu. A duk 'ya'yansa maza wannan ne wurin da aka faɗa a fili cewa Yaƙubu ya sa suna, kuma bisa sunan da matarsa mai mutuwa ta riga ta sa ya ɗora nasa. Rashi ya fassara Ben-oni da ɗan baƙin cikina, ya ce Biliyaminu yana nufin ɗan kudu, saboda shi kaɗai aka haifa a ƙasar Kan'ana, wadda take kudu ga mai tahowa daga Aram, ya kuma kawo wata fassara cewa ɗan tsufa ne. Ramban bai yarda uban ya ture maganar matarsa ba. Ya lura cewa kalmar "oni" tana ɗaukar ma'ana biyu, baƙin ciki da ƙarfi, don haka Yaƙubu ya riƙe sunan da uwar ta sa, ya juya shi ta fuskar alheri, ya ce ɗan hannun dama, domin dama ita ce ƙarfi. Bai bar yaro ya girma da mutuwar uwarsa rataye a sunansa ba, bai kuma goge kalmar ƙarshe ta matar da ya fi so ba. A duk sharhin da aka yi a kan wannan fanni babu inda aka nuna aikin uba da kyau kamar nan.

Sai rikicin babi na 38, inda aka lissafa 'ya'yan Yahuza uku. Na fari, Er, uba ya sa masa suna. Na biyu, Onan, uwa. Na uku, Shela, uwa ce kuma, aka ƙara da cewa Yahuza yana garin Kezib lokacin haihuwar. Wasu malamai, ciki har da masu sharhin da ake kira Da'at Zeƙenim, sun ce al'adar zamanin karɓa-karɓa ce: uba ya sa wa na fari, uwa ta sa wa na biyu, na uku ya dawo kan uba, amma da yake ba ya gari sai uwar ta sa. Ramban ya kawo wannan magana ya yi watsi da ita, ya ce ba ta da ɗanɗano ba ta da ƙamshi. Duk da haka maganar ta rayu, kuma har yau a gidajen Yahudawa ana rabon suna tsakanin dangin miji da dangin mata. Yahudawan Sefardi, waɗanda asalinsu Sifaniya da ƙasashen Larabawa ne, sukan sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba ko da yana raye. Yahudawan Ashkenazi na tsakiya da gabashin Turai ba sa sa sunan mai rai, sai wanda ya rasu.

Akwai wuraren da aka ce "ya kira" ba a faɗi wane ne ba, kuma nan malaman suka ga hannun Allah. A sunan Yaƙubu kansa Rashi ya kawo ra'ayi biyu, ko Allah ne ya sa, ko mahaifinsa Annabi Isiyaku (AS). A sunan Lawi, da aikatau ɗin ya zo na namiji a tsakiyar sunayen da Lai'atu take sawa, ya kawo labarin cewa Mala'ika Jibrilu aka aika ya kawo yaron aka sa masa suna saboda zuriyarsa ce za ta riƙe aikin ibada. A sunan Annabi Sulaimanu (AS), a littafin Sama'ila na biyu, abin ya fi haka ban sha'awa, domin a rubuce "ya kira" ne, amma al'adar karatu ta ce a karanta "ta kira". Harafi ɗaya ya riƙe uba da uwa tare.

Bereshit Rabba ya yi wata tambaya da ta shafi kowa: me ya sa mutanen farko suke sa suna bisa abin da ya faru, na baya kuma suke maimaita sunayen kakanni? Maganar ta taso ne daga Eber, wanda ya sa wa ɗansa Feleg, wato rarrabuwa, tun kafin mutane su rarrabu a duniya, abin da ya sa aka ce Eber annabi ne. Rabbi Yose ya ce na farko sun san asalinsu, ba su da tsoron ya ɓace, shi ya sa suke da sukunin sa suna bisa aukuwa, amma na baya sai sun riƙe sunayen iyaye don kada salsala ta yanke. Rabban Shimon ɗan Gamaliyel ya ce a'a, na farko suna da wahayi ne, na baya ba su da shi. Annabi Yusufu (AS) da Annabi Musa (AS) suna cikin iyaye mazan da suka bi tsarin farko, kuma dukansu a baƙunci suka haihu. Yusufu ya sa Manassa don Allah ya mantar da shi wahalarsa, ya sa Ifraimu don an wadata shi a ƙasar da ya sha wuya. Musa ya sa Gershom don shi baƙo ne a Madayana. Uban da yake nesa da danginsa shi ke rubuta tarihinsa a sunan ɗansa, tunda babu kaka ko gwaggo a kusa da za ta riƙe masa labarin.

Wani abu da ya kamata a lura da shi: Talmud, a babin Ƙiddushin, ya lissafa wajibban uba a kan ɗa, wato yi masa kaciya, fansarsa idan ɗan fari ne, koya masa Attaura, aurar da shi, koya masa sana'a, wasu suka ƙara da koya masa iyo. Sa suna ba ya cikin jerin. Shari'ar Yahudawa ba ta mai da shi haƙƙin uba na musamman ba, ta bar shi ga al'ada. A aikace ana shelanta sunan namiji ranar kaciya, kwana na takwas, na mace kuma a majami'a idan aka kira uban ya tsaya wajen karatun Attaura. Da sunan uba ake kiran mutum a wajen ibada da takardar aure, amma idan yana jinya ana roƙa masa lafiya, da sunan uwarsa ake ambatonsa.

A nan fiƙihun Musulunci ya fi fito da magana fili. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya rubuta a Tuhfatul Maudud cewa idan uba da uwa suka saɓa a kan suna, haƙƙin na uba ne, domin da shi ake danganta yaro, kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'ya da iyayensu maza. Hadisin Anas a Sahihu Muslim ya nuna Manzon Allah (SAW) ya sa wa ɗansa sunan Ibrahim a daren da aka haife shi. Sai dai Alƙur'ani da kansa ya kawo matar Imrana tana sa wa 'yarta Maryam, kuma bai zarge ta ba, ya kuma kawo sunan Annabi Yahaya (AS) daga Allah kai tsaye. Haƙƙin uban ma ba marar iyaka ba ne. Manzon Allah (SAW) ya canza sunaye marasa kyau da iyaye suka sa. Buhari ya ruwaito cewa ya ce wa wani mai suna Haznu, ma'ana mai tsauri, ya koma Sahlu, mai sauƙi, sai mutumin ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Jikansa Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin Madina, ya ce tsaurin nan bai bar gidansu ba tun daga ranar. Malaman Talmud suna da irin wannan fahimta, sun ce suna yana jan mai shi, har aka ruwaito Rabbi Meir yakan auna mutum da sunansa kafin ya ba shi amana. Bahaushe ya taƙaita duka da cewa suna linzami.

A Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, mazhabar Malikiyya ce ta tsara ranar. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan malamai, ta ce a yanka dabba ɗaya a rana ta bakwai, namiji ne ko mace, kuma ba a lissafa ranar haihuwa. Shi ya sa wanda aka haifa Talata ake masa suna Talata mai zuwa. Tun ranar haihuwa uban yakan karɓi jaririn daga hannun unguwarzoma ya yi masa huɗuba a kunne, sau da yawa da sunan da ya riga ya ƙudura, ya bar shi a ransa har mako ya zagayo. Ranar suna da hantsi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure. Uban, ko wansa, ko mahaifinsa, ya sunkuya ya raɗa wa liman sunan. Liman ya yi addu'a a shafa, a kwantar da rago a yanka, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan yadda matan da ke cikin gida za su ji, guɗa ta amsa daga bayan katanga. Wanzami yana gefe da askarsa yana jiran a miƙo jariri. Kalmar "raɗa" kanta ta faɗi gaskiyar abin, uba ba ya shela, a kunne yake faɗa, wani ne ke ɗaga murya a madadinsa.

Wannan shi ne sunan yanka, kuma na uba ne. Amma kafin rago ya gama soyuwa cikin gida ya riga ya fitar da nasa. Kakanni mata da gwaggonni da unguwarzoma su ne masu laƙabi, kuma laƙabin nan shi ne ainihin abin da Rabbi Yose ya ce mutanen farko suna yi. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Nomau an haife shi ana aikin gona, Anaruwa ana ruwan sama, Azumi cikin Ramadan, Shekarau ya daɗe a ciki, Jummai da Ɗanjuma ranar Juma'a. Alkunya ma tana ƙara nata. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matar gida ba ta faɗin sunan surukinta, to idan uba ya mayar da sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa dole a sakaya, sai yaron ya zama Abba ko Baba, yarinya ta zama Ummi ko Inna. Ko sunayen annabawa ba su tsira ba, Musa ya zama Kalla, Yusufu ya zama Maitama, Ibrahim ya zama Iro. Abin da malaman Yahudawa suka raba tsakanin zamani biyu, na aukuwa da na sunan kakanni, Bahaushe ya haɗa shi a kan yaro ɗaya, ya ba uba ɗaya ya ba mata ɗaya. Wani tsohon wa'azinsu a Midrash Tanhuma ya ce mutum yana da suna uku, wanda iyaye suka sa, wanda mutane ke kiransa da shi, da wanda ya samar wa kansa. Na tsakiyar shi ne wanda aka fi ji a kasuwar Gummi.

Uba mai ilimi yakan kauce wa al'ada idan yana da dalili. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, an haifa masa tagwaye wajen 1793. Namijin ya samu Hassan kamar yadda aka saba, amma macen bai sa mata sunan 'yan biyu ba, ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, kuma ita ce Nana Asma'u da ta tsara karatun mata na 'yan taru. Wannan shi ne amfani da haƙƙi yadda ya kamata, zaɓi mai manufa. Akasinsa kuwa sananne ne ga duk mai sauraron ƙorafin mata: magidanci ya sa wa 'yarsa sunan budurwar da bai samu ya aura ba, ko ya sa sunan da ya san zai ƙona ran mai jego, ya ce ai shari'a ta ba shi. Shari'a ta ba shi rinjaye idan an saɓa, ba ta ba shi izinin cutarwa ba, kuma matar da ta yi wata tara da ciki, tana wankan jego safe da yamma, ta cancanci a tambaye ta kafin a sunkuya kunnen liman. Wasu matasa masu karatu kuma suna kallon laƙabi a matsayin ƙauyanci ko saura daga maguzanci. Akwai abin gyara a cikinsa, amma yawancinsa tarihin gida ne da mata suka ajiye, kuma kashe shi yana nufin rufe bakin rabin gidan.

Inda maganar ta fi zafi shi ne sunan da ke biyo bayan mutuwa. Matar da 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana, wadda ake ce tana wabi, akan sa wa ɗanta Ajuji ko 'yarta Ayashe, a nuna kamar ba a damu da yaron ba don mutuwa ta wuce shi. Yahudawan gabashin Turai sun yi irin wannan, suna kiran yaron Alter, wato tsoho, suna kuma ƙara wa majinyaci sunan Hayyim, wato rai, bisa maganar Talmud cewa canza suna yana cikin abubuwan da ke sauya hukunci. Malaman Musulunci ba su yarda suna yana ruɗar ajali ba, kuma suna da gaskiya. Amma ciwon da ya haifi sunan gaskiya ne, kuma yammacin Zamfara ya san shi da kyau. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su kafa wuraren jinya, daga baya aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ya kai Bagega a 2013. A gidan da ya binne yara biyu ko uku cikin 'yan watanni, zaɓin da ke gaban uba a haihuwa ta gaba shi ne zaɓin Yaƙubu a hanyar Efrata, ko ya bar baƙin cikin a cikin sunan, ko ya mayar da sunan wanda ya rasu, ko ya nemi kalmar da za ta riƙe tunawa ta kuma ba yaron nasa rai.

Maganar Yahuza a Kezib ma ba ta tsufa ba a wannan yanki. Maza suna tafiya ci-rani kudu da rani, wasu suna ramukan zinariya, wasu hare-haren 'yan bindiga sun kore su daga ƙauyukansu zuwa cikin garin Anka da Gummi, wasu suna hannun masu garkuwa, wasu an kashe su matansu na da ciki. Wanda ke ci-rani yakan kira ta waya ya faɗa wa wansa sunan, ya turo kuɗin rago. Inda babu uban, kakan yaro na wajen uba ko baffansa shi ke raɗawa, kuma galibi sunan mamacin ake mayarwa, a sakaya shi a cikin gida. Hausa tana da laƙabi a ajiye ga waɗannan yara tun da daɗewa: Audi ga wanda ubansa ya rasu kafin a haife shi, Talle ga wanda ya yi maraici yana jariri. Rashin kuɗin rago ba ya hana suna, domin a Malikiyya yankan mustahabbi ne ga mai hali, ba sharaɗin ingancin sunan ba. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da rajistar makarantar firamare kuwa sunan yanka da sunan uba suke ɗauka, laƙabin yakan tsaya a bakin kaka da abokan wasa, sai idan ya yi ƙarfin da ya danne na yankan, kamar yadda ya faru ga Maitama Sule da Balarabe Musa.